Abubakar Tafawa Ɓalewa: Malamin Ingilishi na Midil ta Bauchi

Gabatarwa

Duk inda aka ambaci sunan Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, abin da yake fara zuwa zukatan mutane shi ne Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda ya karɓi takardun mulkin kai a Ikko ranar 1 ga watan Oktoba 1960. Masu nazarin adabin Hausa kuwa da littafin Shaihu Umar suka fi saninsa. To, amma tsakanin rubuta wannan littafi da shigarsa siyasa akwai shekaru wajen goma sha biyu da ya yi riƙe da alli, yana koyar da yara Ingilishi a makarantar Midil ta Bauchi, kuma ba a cika tsayawa a kan waɗannan shekaru ba. Wannan maƙala za ta bi tarihin rayuwarsa ta fuskar makaranta, domin a cikin shekarun da ya yi yana ɗalibi da waɗanda ya yi yana malami ne matsayin Ingilishi ya sake baki ɗaya a makarantun Arewa. Da farko darasi ne da Turawa suke rowarsa, daga baya ya zama ƙofar da babu mai kaiwa ko'ina sai ta cikinta.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Abubakar a shekarar 1912 a ƙasar Bauchi. Sunan mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala, bara ne na Ajiyan Bauchi, hakimin Lere, sunan mahaifiyarsa kuwa Fatima Inna. Wato shi ba ɗan sarauta ba ne, kuma wannan abin lura ne, domin yawancin waɗanda suka riƙe ragamar Arewa a zamaninsa daga gidajen sarauta ko na manyan malamai suka fito. Sunan da ya shahara da shi ma na gari ne, kamar yadda aka saba a makarantun boko na lokacin, inda ake liƙa wa yaro sunan garinsu don a bambanta shi da masu suna irin nasa.

Ya fara da karatun allo kamar kowane ɗan Musulmi, sa'an nan aka sa shi makarantar boko a Tafawa Ɓalewa. A shekarar 1925 ya wuce makarantar lardi da ke cikin birnin Bauchi. Irin waɗannan makarantu sun taso ne bisa tsarin da Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya shimfiɗa tun lokacin da ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a shekarar 1909. A wannan tsari da Hausa ake koyar da karatu da rubutu da lissafi da labarin ƙasa, Ingilishi kuwa sai yaro ya yi nisa ake ɗanɗana masa. Dalilan haka biyu ne. Na ɗaya, Ɗan Hausa yana ganin yaro ya fi fahimtar ilmi cikin harshen da ya sani, kuma bai kamata makaranta ta raba shi da al'adun iyayensa ba. Na biyu kuwa dalili ne na mulki. Turawan Arewa sun ga yadda 'yan bokon Ikko, waɗanda suka sha Ingilishi a makarantun mishan, suke kafa jaridu suna sukar gwamnati, ba su kuwa so irin wannan ya ɓullo a ƙasar sarakuna.

Sai dai wannan rowa ta zo da nata farashin. Ofisoshin gwamnati da na jirgin ƙasa da gidan waya da kamfanonin ciniki duk da Ingilishi suke aiki, saboda haka sai aka riƙa ɗauko akawuna daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas, 'yan ƙasa suna kallo.

Kwalejin Katsina

Don a sami malamai 'yan ƙasa, Musulmi, masu ilmi mai zurfi, aka kafa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda Gwamna Sa Hugh Clifford ya buɗe a watan Maris 1922. An zaɓi Katsina saboda daɗaɗɗen sunanta a fagen ilmi, kuma a lokacin tana nesa da hanyar jirgin ƙasa da hayaniyar baƙi. Daga kowane lardi akan zaɓo yara ƙalilan waɗanda suka fi hazaƙa, su yi shekara biyar. Abubakar ya shiga a shekarar 1928, shi ne ɗalibi mai lamba 145. Wannan lamba kaɗai ta isa ta nuna ƙanƙantar ƙofar, domin a cikin shekaru bakwai ɗaliban da suka shiga kwalejin daga duk faɗin Arewa ba su kai ɗari biyu ba. Ya tarar da Ahmadu Raɓah, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Imam suna gabansa, cikin malamai 'yan ƙasa kuma akwai Malam Bello Kagara.

A Katsina al'amarin Ingilishi ya juya. A nan shi ne harshen koyarwa, da shi ake yin tarihi da labarin ƙasa da lissafi da dabarun koyarwa. Abin da kwalejin ta fi shahara da shi kuwa shi ne kula da lafazi, sunan malamin da aka fi dangantawa da wannan aiki shi ne Gerald Power. Aikin ba ƙarami ba ne, domin tsarin sautin harsunan biyu ya yi hannun riga. Hausa wasula biyar gare ta, kowane da dogo da gajere, alhali na Ingilishi sun haura goma. Ingilishi yana jera baƙaƙe biyu ko uku ba wasali a tsakani, Hausa kuwa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu, shi ya sa Bahaushe ya cusa wasali a cikin kalmomin aro irin su burodi da furamare. Akwai kuma sautuka da babu su sam a Hausa, waɗanda sai an nuna wa ɗalibi inda zai ajiye harshensa da yadda zai yi da leɓɓansa. A kan irin waɗannan ake horar da ɗalibai, sauti bayan sauti, har bakinsu ya faɗa. Sakamakon haka aka sami wani rukuni na 'yan Arewa masu furta Ingilishi tsaf, har ana gane mutumin Katsina da jin maganarsa. Abubakar, da yake Allah ya hore masa murya mai kauri da natsuwa wajen magana, ya zama zakara a cikinsu.

Yana cikin kwalejin aka yi wani babban sauyi. A shekarar 1929 aka haɗe ma'aikatun ilmi na Kudu da na Arewa a ƙarƙashin darekta ɗaya, E. R. J. Hussey, wanda ya yi aiki a Sudan da Uganda. Shi ya kawo tsarin hawa uku: elementare, da Midil, da babbar kwaleji. Makarantun lardi suka koma makarantun Midil, Kwalejin Katsina kuma aka ɗaga ta ta zama babbar kwaleji, aka faɗaɗa darussanta ya wuce horon malamai kawai. Saboda haka lokacin da Abubakar ya gama a shekarar 1933 ya koma gida, makarantar da ya bari ta sake suna, ta kuma sake manhaja.

Koyarwa a Midil ta Bauchi

A sabon tsarin, yaro yakan yi shekara huɗu a elementare da harshen gida, wanda a yawancin lardunan Arewa Hausa ce. Idan ya ci jarrabawa sai a kai shi Midil, makarantar kwana da ke babban garin lardi a hannun En'e, Baturen makaranta yana sa ido. A can zai fara da wani aji na share fage inda ake ɗura masa Ingilishi, domin daga nan gaba da shi za a koya masa sauran darussa. Wato nauyin makarantar duka a wuyan malamin Ingilishi yake. In ya yi sakaci, malamin tarihi da na lissafi da na kimiyya duk sun yi aikin banza, domin yaron da bai ji harshen ba ba zai ji darasin ba.

Wannan nauyi ne ya hau kan Malam Abubakar yana ɗan shekara ashirin da ɗaya. Yaran da ake kawo masa daga gundumomin Bauchi suke, wasu Hausa ce harshensu na farko, wasu Fulatanci, wasu kuma ɗaya daga cikin ƙananan harsunan da suka cika lardin. Ga irin waɗannan na ƙarshe Ingilishi shi ne harshe na uku ko na huɗu, in aka haɗa da Larabcin makarantar allo. Babu rediyo a gidajensu, babu jarida, ba su kuma jin Ingilishi a kasuwa. Bakin malami shi ne kaɗai inda za su ji yadda harshen yake fita, shi ya sa horon lafazin nan na Katsina ya zama jari ga makarantar baki ɗaya.

A wannan zamani kuma dabarun koyar da Ingilishi ga baƙinsa suna sakewa a duk ƙasashen da Ingila take mulka. A da, littattafan da aka shirya don yaran Ingila ake kawowa, a sa ɗan Afirka ya haddace dokokin nahawu da labaran dusar ƙanƙara da bai taɓa gani ba. Daga wajen shekarar 1926 wani malami mai suna Michael West, wanda ya yi aiki a Bengal ta ƙasar Indiya, ya fito da jerin littattafan karatu masu ƙayyadaddun kalmomi, inda ake shigo da sabuwar kalma a hankali, a maimaita ta har ta zauna kafin a kawo wata. Irin waɗannan littattafai suka bazu, aka koma ba da ƙarfi ga karatu da magana maimakon haddar ƙa'idoji. Malaman da suka fito Katsina a farkon shekarun 1930, irin su Malam Abubakar a Bauchi da Malam Abubakar Imam a Midil ta Katsina, su ne 'yan ƙasa na farko da wannan sabon salo ya faɗo a hannunsu.

Malam Abubakar bai tsaya a takardar da ya fito da ita ba. Ya ci gaba da karatu shi kaɗai bayan an tashi makaranta, har ya ci jarrabawar babbar takardar malanta, ya kuma zama hedimastan makarantar a farkon shekarun 1940. An san shi da kamun kai da ƙarancin surutu da tsare lokaci. A shekarar 1942 aka turo masa wani saurayin malami daga Kwalejin Kaduna, wato tsohuwar Kwalejin Katsina wadda aka mayar can a 1938. Wannan saurayi shi ne Malam Aminu Kano. Halinsu ya bambanta, ɗaya mai taka-tsantsan, ɗaya mai zafin nama, daga baya ma suka tsinci kansu a jam'iyyu masu hamayya da juna, amma a ɗakin malamai ɗaya suka fara. Tare da Malam Sa'adu Zungur suka riƙa halartar wata ƙungiyar tattaunawa da aka kafa a Bauchi a wajen 1943, inda ma'aikatan En'e da malamai da Turawan mulki suke zama ana muhawara. Ba ta daɗe ba aka dakatar da ita, saboda tambayoyin sun fara taɓa sha'anin mulkin En'e. Abin da Turawan farko suka ji tsoro ya fara tabbata ke nan: wanda aka koya wa harshen mai mulki, wata rana da shi zai yi wa mai mulkin tambaya.

Shaihu Umar

Abin sha'awa shi ne, a shekarar da ya kama aikin koyar da Ingilishi, a ita ce ya rubuta littafinsa na Hausa. A 1933 Dokta R. M. East na Hukumar Talifi ta Zariya ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko, domin yaran da suka koyi karatu a elementare ba su da abin karantawa. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East, da kuma Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934.

Labarin na wani babban malami ne da yake zaune a Rauta kusa da Bauchi, wanda almajiransa suka tambaye shi asalinsa. Sai ya ba su labarin yadda aka sace shi yana yaro, aka sayar da shi a Kano ga wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Mahaifiyarsa kuwa ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa hannun masu bauta, ba su sake saduwa ba sai tana gab da rasuwa. Ba kamar Ruwan Bagaja mai raha da barkwanci ba, Shaihu Umar a natse yake tafiya, cikin Hausa mai sauƙi wadda babu ƙawa a cikinta. Jarumin littafin malami ne, wurin da ake ba da labarin kuma zauren karatu ne, abin da ya ɗaukaka yaron da ba shi da gata kuwa ilmi ne da ya samo cikin harshen wasu. Mai karatu ba zai rasa ganin inuwar marubucin a nan ba. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sa'an nan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976.

Daga Aji Zuwa Majalisa

A shekarar 1945, Yaƙin Duniya na Biyu yana ƙarewa, aka zaɓi wasu malaman Arewa ƙalilan, cikinsu har da Malam Abubakar da Malam Yahaya Gusau, aka tura su Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan. Shekara guda ya yi a can. Ya ga Turawa a gidansu, masu kuɗi da matalauta, ya ga yadda talaka yake faɗin ra'ayinsa ba tare da tsoro ba, wannan kuwa ya sake masa tunani a kan mulki. Da ya dawo a 1946 aka ba shi aikin duba makarantu a lardin Bauchi, aka kuma zaɓe shi zuwa Majalisar Dokoki ta Arewa, daga nan zuwa Majalisar Ƙasa a 1947.

A nan amfanin Ingilishi ya fito fili. A Majalisar Arewa ana magana da Hausa da Ingilishi, amma a ta ƙasa Ingilishi ne kawai, ga kuma lauyoyi da 'yan jarida na Kudu da suka goge. Arewa tana bukatar wanda zai tsaya gabansu ya yi magana a saurara, masu iya wannan kuwa 'yan kaɗan ne, kusan dukansu tsofaffin ɗaliban Katsina, kusan dukansu malaman makaranta. Alƙaluma sun nuna zurfin ramin. A 1947 makarantun sakandare 3 ne a Arewa da ɗalibai 251, alhali Kudu tana da 43 da ɗalibai 9,657. A 1957 Arewa ta kai 18 da ɗalibai 3,643, Kudu kuwa 176 da ɗalibai 28,208. Wannan rata ce ta sa wakilan Arewa suka ƙi amincewa da shawarar Anthony Enahoro ta 1953 ta neman mulkin kai a 1956, domin suna ganin idan Turawa suka tafi a lokacin, ofisoshin Arewa ba su da 'yan Arewan da za su riƙe su.

A watan Agusta 1950 Malam Abubakar ya kawo shawara a Majalisar Arewa cewa a binciki tsarin mulkin En'e a gyara shi, a ba talaka murya a cikinsa. Magana ce mai nauyi daga bakin ɗan bara a gaban wakilan sarakuna, ta kuma zama mafarin gyare-gyaren da aka yi a shekarun da suka biyo baya. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, Ministan Sufuri a 1954, Firayim Minista a 1957. Ranar 7 ga Oktoba 1960 ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya lokacin da aka karɓi Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta, a watan Yuli 1961 kuma ya yi wa majalisar dokokin Amurka jawabi. Saboda daɗin lafazinsa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya ta Afirka.

Yana kan wannan hawa, makarantun da ya baro suna ta sakewa. A shekarun 1950 aka rushe tsarin Midil, ƙananan azuzuwan suka koma babbar furamare, manyan suka zama sakandaren lardi. A 1952 aka kafa Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda a hankali ta karɓi jarrabawar gama sakandare daga hannun Jami'ar Cambridge, kuma cin Ingilishi sharaɗi ne na samun takardar. Wato ƙarfi ya tashi daga magana ya koma kan rubutun jarrabawa. A 1959 gwamnatinsa ta naɗa kwamitin Ashby, wanda Shettima Kashim Ibrahim yake cikinsa, don ya dubi bukatun ilmi mai zurfi, bayan rahotonsa na 1960 kuma aka buɗe jami'o'in Ahmadu Bello da Ikko da Ife a 1962.

Rasuwarsa

A watan Janairu 1966 ya shugabanci taron shugabannin ƙasashe renon Ingila a Ikko a kan matsalar Rodeshiya. Kwanaki kaɗan bayan haka, da asubahin ranar 15 ga wata, sojojin da suka yi yunƙurin juyin mulki suka ɗauke shi daga gidansa. Bayan kusan mako guda aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abeokuta, aka kai shi Bauchi aka binne. Yana da shekara 53. Daga baya aka gina hubbare a kan kabarinsa, aka sa hotonsa a takardar naira biyar, a 1988 kuma aka sa wa jami'ar tarayya da ke Bauchi sunansa.

Kammalawa

Tarihin Malam Abubakar ya nuna abin da Ingilishi ya iya yi wa yaron da ba shi da gadon sarauta, ya kuma nuna yawan waɗanda aka bari a baya saboda an ƙuntata ƙofar. Wani abin lura shi ne, mutumin da ya fi kowa iya Ingilishi a Arewa a zamaninsa da Hausa ya fara karatun boko, bai shiga Ingilishi sosai ba sai da ya tasa, kuma hakan bai rage shi da kome ba. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na al'ummar da yake ciki kafin a koma Ingilishi, a zahiri hanyar da ya bi ce ta zayyana. Jawabansa na Ingilishi suna nan a kundayen majalisa, masu tarihi ne suke neman su, amma ɗan littafin da ya rubuta da Hausa yana ɗan shekara ashirin da ɗaya shi ne ya shiga makarantu, ɗalibai suka yi ta karanta shi zuriya bayan zuriya. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.